Maitama ko Asokoro: Inda Ya Dace Mai Hali Ya Kafa Gida a Abuja

Makonni uku na yi ina raka wani kawuna, ɗan kasuwar Kano wanda harkokinsa suka karkata Abuja, muna shiga gidajen sayarwa muna fita tsakanin Maitama da Asokoro. A cikin waɗannan makonni na fahimci cewa tambayar da aka fi yi, wato wace unguwa ce ta fi daraja, ba ta da wani amfani sosai ga wanda zai zuba dukiyar da ya yi shekara da shekaru yana tarawa a gida guda, domin daraja kam duka biyun suna da ita. Dukansu suna cikin kashin farko na tsarin ginin birnin, tare da Garki da Wuse da tsakiyar gari, wato yankin da aka fara shimfiɗa wa kwalta da magudanan ruwa da bututun famfo tun kafin gwamnatin tarayya ta tattara ta baro Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991. Filin da ba a gina ba ya yi ƙaranci ƙwarai a cikinsu, shi ya sa gida mai zaman kansa a layi mai kyau yanzu da biliyoyin naira ake maganarsa. Inda suka sha bamban shi ne yadda wuni yake wucewa a kowaccensu, da kuma irin iyalin da zai ji daɗin wannan wunin.

Abu na farko da ya kamata ɗan Arewa ya duba shi ne hanyar gida, kuma na yi mamakin yadda dillalai ba sa ko ambatonsa. Maitama tana arewa da tsakiyar gari, ta jingina da babbar hanyar Murtala Muhammad, wadda aka fi sani da hanyar Kubwa, ita ce kuma take kai mutum Zuba ya hau hanyar Kaduna. Wanda asalinsa Zariya ne ko Kano ko Katsina ko Sakkwato, yana fitowa daga ƙofarsa cikin 'yan mintuna ya miƙe hanya ba tare da ya ratsa gari ba, haka nan baƙinsa da suka taso daga Arewa maso yamma za su iso shi kafin su faɗa cunkoson tsakiyar birni. Asokoro kuwa tana ɓangaren da hanyar Keffi take shigowa, saboda haka ita ce ƙofar mutanen Nasarawa da Filato da Bauchi da Gombe da Adamawa. Gaskiya ne cewa hanyar Kubwa tana zagayawa ta bayan dutsen Aso har ta dangana da mahaɗar AYA a bakin Asokoro, don haka Bakanon da ke Asokoro ba a tsare yake ba, sai dai tafiyarsa ta ƙaru a kowace shiga da kowace fita. Game da filin jirgin saman Nnamdi Azikiwe, wanda ke da nisan kusan kilomita 40, unguwannin biyu kusan kunnen doki suke, domin dole mazaunin kowacce ya keta gari kafin ya hau hanyar.

Wannan mahaɗa ta AYA ta cancanci a tsaya a kanta. Dubban ma'aikatan da ke kwana a Nyanya da Karu da Mararaba ta nan suke kwararowa cikin gari da safe, ta nan kuma suke komawa da yamma, kuma duk gidan da ke kusa da bakin wannan hanya yana cin rabonsa na ƙarar mota da hayaƙi da jinkiri. Cikin unguwar, can sama a kan tuddai, shiru ne kamar ba a babban birni ba, amma gidan da yake gangare kusa da mahaɗar sunan Asokoro kawai ya ɗauka. Wanda aka kai shi ganin gida ranar Lahadi da hantsi bai ga komai ba tukuna. Ya koma ranar Litinin da ƙarfe 7 na safe, ya sake komawa da ƙarfe 5 na yamma, sannan ya yanke hukunci.

Maitama unguwa ce da zama da aiki suka cuɗanya. A cikinta hedikwatar hukumar zaɓe ta ƙasa take, da hukumar kula da jami'o'i, da ofisoshin jakadanci da dama, da otal ɗin Transcorp Hilton wanda aka buɗe a 1987 kuma har yau shi ne mahaɗar manyan 'yan kasuwa da 'yan siyasa. Yawancin ƙananan titunanta sunayen koguna da tafkuna suke ɗauke da su, irin su Mississippi da Amazon da Nile da Danube, kuma a irin waɗannan layuka masu inuwar manyan bishiyoyi ne ainihin gidajen zama suke. Manyan tituna kuwa, musamman titin Gana da na Aguiyi Ironsi, tuni bankuna da gidajen abinci da kantuna da asibitoci masu zaman kansu suka mamaye su. Wannan cuɗanya tana da daɗi ga mai son komai ya kasance kusa da shi, tana kuma da haɗarinta: gidan maƙwabcinka da yau iyali ke ciki zai iya wayar gari ya zama wurin shaƙatawa mai kiɗa har tsakar dare, ko ofishin da motocin baƙinsa za su toshe maka ƙofa. Kafin a saya, ya dace a tambayi hukuma ko layin an ware shi don zama ne kaɗai, a kuma duba gidajen hagu da dama a ga abin da ake yi a cikinsu a zahiri.

Asokoro ta fi kama da unguwar mulki. Tana maƙwabtaka da fadar shugaban ƙasa, a cikinta masaukan gwamnonin jihohi da yawa suke, kuma a kan titin Yakubu Gowon ofishin Bankin Duniya yake, nan ne kuma hedikwatar ƙungiyar ECOWAS ta yi shekaru tana zaune. Titunanta suna ɗauke da sunayen shugabanni irin su Kwame Nkrumah da Julius Nyerere da Nelson Mandela da Thomas Sankara. Jami'an tsaro sun fi yawa a nan, katangu sun fi tsawo, masu tafiya a ƙasa sun yi ƙaranci, kuma bayan sallar isha'i wasu layukan sai ka daɗe ba ka ga gilmawar kowa ba. Ga wanda ya gaji da idon jama'a, wannan ni'ima ce babba. Sai dai zama kusa da masaukin gwamna yana da nasa nauyin, domin ranar da mai gidan ya shigo gari, ko lokacin da siyasa ta ɗau zafi, jerin gwanon motoci da jiniya da masu neman ganinsa sukan cika layin tun daga safe har dare.

Yanayin ƙasa ma ya raba su. Asokoro tuddai ce da gangare, kuma wannan ne ya ba ta abin da unguwanni kaɗan ne za su yi gogayya da ita a kansa, wato hangen gari daga sama da iska mai sanyi da yamma. Mun shiga wani gida a kan tudu ana dab da magariba, muka hau barandar bene ta baya, sai ga fitilun birnin suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya a ƙasanmu, dutsen Aso kuma ya yi duhu a gefe. Kawu ya daɗe a tsaye bai ce uffan ba, na kuma san gidan ya shiga ransa. Injiniyan da muka tafi da shi ne ya ja mu bayan gidan, ya haska katangar da ke tokare da ƙasar gangaren da fitilar wayarsa, ya nuna mana tsaga mai faɗin yatsa wadda aka shafe da sabon siminti aka bi da fenti, da kuma ƙananan bututun fitar da ruwa da duk suka toshe da ƙasa. Ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, ruwan damina yana taruwa a bayan katangar nan ba shi da mafita, kuma gyaranta zai ci kuɗin wani gidan." Tun daga ranar ban sake yarda a duba gidan kan tudu ba tare da injiniya ba. Maitama ita ma tana da tuddanta, musamman wajen da ake kira tudun ministoci da ɓangaren da ya fuskanci Mpape, inda aka daɗe ana fasa dutse, kuma a watan Satumba na 2018 an ji motsin ƙasa a Mpape da wasu sassan Maitama. Wannan ba dalilin gudun unguwar ba ne, amma dalili ne na a binciki harsashin gini da ginshiƙansa da kyau.

Akwai kuma batun irin gidan da kansa, wanda a ganina ya fi sunan unguwa tasiri a kan jin daɗin iyalin Bahaushe. Tsofaffin gidajen unguwannin biyu an gina su a kan manyan filaye, da fili a gaba da lambu a baya da ɗakunan ma'aikata a gefe. Yanzu masu gine-gine suna sayen irin waɗannan gidaje su rushe, su jera gidaje huɗu ko shida masu hawa uku a manne da juna, ko kuma bene mai ɗauke da gidaje da yawa. Sababbin suna da kyan gani, da kicin na zamani da wurin ninkaya da ɗakin motsa jiki na tarayya, kuma ga matashi mai mata ɗaya da 'ya'ya biyu sun wadatar. Amma gidan babban mutum a wurinmu ba ya rabuwa da baƙi: ɗan'uwan da ya zo ganin likita, da ɗalibin da ya zo neman biza, da dattijon da ya zo bin haƙƙin fansho, ga masu zuwa gaisuwa kowace Juma'a. Irin wannan gida yana buƙatar falon maigida mai ƙofarsa daban da ta cikin gida, da sashen baƙi wanda ba ya leƙa tsakar gidan mata, da wurin da za a shimfiɗa tabarma a yi jam'i, da filin da za a girka babbar tukunya ranar suna ko a ɗaure raguna lokacin layya. A rukunin gidaje masu ƙofa ɗaya, dokokin mazauna sukan taƙaita yawan motoci da baƙi da yanka dabba, ga kuɗin hidima da ake biya duk shekara na tsaro da shara da janareta. A abin da idona ya gani, Asokoro ta fi yawan gidajen da suka rage da faɗin filinsu na asali, Maitama kuma ta fi yawan sababbin gidaje masu manne da juna da benaye na haya.

Kuɗin riƙe gida kusan ɗaya ne a duka biyun, kuma yana da nauyi. Tun watan Afrilu na 2024, lokacin da aka ɗaga kuɗin wutar rukunin da ake kira Band A, wato waɗanda aka yi wa alƙawarin wuta mafi yawan awanni a rana, zuwa naira 225 kan kowane ma'auni kafin a ɗan rage shi daga baya, gida mai na'urorin sanyaya ɗaki goma ko fiye ya zama abin yi wa lissafi na musamman, kuma alƙawarin wutar awa 20 a rana bai sa kowa ya rabu da janareta da man dizal ba. Gidan da aka riga aka ɗora wa sola mai ƙarfi ya cancanci ƙarin kuɗi a ciniki. Ruwan famfo daga madatsar Usuma yake zuwa, amma gidan da ke can ƙololuwar tudu yana buƙatar babban tanki a ƙasa da injin tura ruwa sama.

A fagen shaƙatawa ne Maitama ta yi wa Asokoro nisa, kuma ga gidan da ke da yara da matasa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Filin shaƙatawa na Millennium, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu ta buɗe a watan Disamba na 2003, a gefen Maitama yake, kuma shi ne mafi girma a birnin. Rafi ya ratsa shi, ɓangare guda an bar shi da bishiyoyi da ciyayi kamar daji, ɗaya ɓangaren kuma an tsara shi da hanyoyin tafiya da maɓuɓɓugan ruwa. Ranar Asabar da la'asar za ka tarar da iyalai sun shimfiɗa darduma a kan ciyawa da kulolin abinci, amare da angwaye ana ɗaukarsu hoto, yara suna guje-guje. Lokacin bukukuwan salla kuwa sai an yi da gaske ake samun wurin ajiye mota. Filin wasan golf na IBB mai ramuka 18 yana nan kusa, a gindin tuddai, kuma ko wanda bai damu da wasan ba ya san cewa ciniki da yawa a can ake ƙulla shi. Sannan Maitama tana manne da Wuse II, inda titunan Aminu Kano da Adetokunbo Ademola suke cike da gidajen abinci iri-iri, daga masu tuwo da miyar kuka da gasasshen rago har zuwa na Labanawa da Indiyawa da 'yan Sin. Tafkin Jabi, da jiragen ruwansa na yawon shan iska da katafaren kantin da aka buɗe a bakinsa a 2015, shi ma ya fi kusa da mazaunin Maitama.

Asokoro tana da gidan namun daji da filin wasan yara na ƙasa a gindin dutsen Aso, wuri mai faɗi da inuwa wanda ƙananan yara suke so, tana kuma da titunan da suka dace da mai tattaki da asuba saboda ƙarancin motoci. Maƙwabciyarta Guzape, wadda ake ta ginawa a kan duwatsu, ta fara tara wuraren cin abinci masu hangen gari. Duk da haka mazaunin Asokoro yakan ɗauki mota ya fita unguwarsa don yawancin abin da ɗan Maitama yake samu a bayan layinsa. Cefane ma haka yake: Maitama tana da kasuwar kayan lambu da 'ya'yan itace a cikinta, kasuwar Wuse kuma ba ta da nisa, yayin da uwargidan Asokoro ta fi dogara da kasuwar Garki. Kowace unguwa tana da babban asibitin gwamnati nata da masallatan Juma'a, Masallacin Ƙasa kuma yana tsakiyar gari, kusan tafiya ɗaya daga kowane ɓangare.

Duk abin da aka faɗa a sama bai kai batun takardun gida muhimmanci ba. A Abuja ƙasa tana hannun gwamnatin tarayya, ministan birnin ne kaɗai yake ba da fili, kuma abin da mai gida yake riƙe da shi izinin zama ne na shekara 99, wanda takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O take tabbatarwa. Ke nan gidan da aka ba da filinsa a shekarun 1980 ya riga ya cinye kusan shekara 40 daga cikin wa'adinsa, kuma mai saye ragowar yake gada. Bayanan filaye suna ofishin AGIS, wato ma'ajiyar rajistar filaye ta birnin, can ne lauya zai je ya binciko sunan da ke kan fayil, da ko an jinginar da gidan a banki, da ko akwai shari'a a kansa, da kuma bashin harajin fili da ake biya duk shekara. Wannan harajin ba abin wasa ba ne, domin a watan Maris na 2025 hukumar birnin ta sanar da soke takardun filaye 4,794 saboda masu su sun yi shekara 10 ko fiye ba su biya ba, kuma Maitama da Asokoro suna cikin unguwannin da abin ya shafa. Dole ne kuma a ga amincewar sashen kula da tsarin gine-gine a kan zanen gidan, a gwada shi da abin da aka gina a ƙasa, domin wanda ya ga rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007 ya san cewa tsadar gida ba ta hana katafila shiga. Bayan an biya, cinikin bai kammala ba sai an samu amincewar minista an mayar da sunan mai saye kan fayil.

A nan ne muka kusa yin asara. Wani dillali ya kai mu wani gida mai kyau a Maitama, farashinsa ya yi ƙasa da na maƙwabtansa, yana ta matsa wa kawu ya ajiye wani abu a ranar domin wai akwai mai zuwa da kuɗi gobe. Kawu ya ce masa, "Malam, abin da aka yi shekara talatin ana tarawa ba a kashe shi da la'asar ɗaya," ya miƙa wa lauyansa kwafin takardun. Bincike ya nuna gidan na gado ne, mai shi ya rasu, kuma ɗaya daga cikin magada ne yake neman sayarwa ba da sanin sauran ba. Irin wannan yana da yawa a tsofaffin unguwannin biyu, domin waɗanda aka fara bai wa filayen da yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Idan gidan gado ne, a nemi takardar kotu ta rabon gado ko ta wakilcin magada, a kuma ga sa hannun duk wanda yake da haƙƙi. Biyan kuɗi kuma ta banki za a yi shi, domin dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biyan abin da ya haura naira miliyan 5 hannu da hannu, kamfani kuma miliyan 10. La'adar dillali da kuɗin lauya a yanke su a rubuce tun kafin a shiga ciniki.

Wanda yake saye don haya ko don ya sayar nan gaba, Maitama ta fi saurin samun mai nema, saboda ofisoshin jakadanci da kamfanoni da ma'aikatan ƙungiyoyin ƙasashen waje sun fi son inda abinci da kanti da ofis suke kusa, kuma ƙananan gidaje sun fi katafaren gida saurin shiga. Babban gida a Asokoro yana riƙe darajarsa, amma masu iya sayensa kaɗan ne, kuma yakan daɗe a kasuwa yana cin kuɗin maigadi da gyara.

Ra'ayina shi ne, iyalin da zai zauna a Abuja shekara cur, da yara masu zuwa makaranta da uwargida mai harkokinta da baƙi daga hanyar Kaduna, ya nemi layin zama mai shiru a cikin Maitama, nesa da manyan titunan kasuwanci, ko da filin bai kai yadda ake so ba. Wanda kuwa ya manyanta, 'ya'yansa sun kama gabansu, yana son faɗin fili da sirri da iska, ko kuma hanyar garinsu ta Keffi ce, Asokoro ta sama ta fi dacewa da shi, muddin injiniya ya gamsu da katangar gangare da mafitar ruwa. Kawu yana da mata biyu da 'ya'ya tara, kuma ba a mako guda ba a yi masa sallama daga Kano ba, don haka ya bar gidan mai baranda duk da yadda ya so shi, ya sayi wani tsohon gida a ɗaya daga cikin layukan koguna na Maitama. Binciken takardu da neman amincewar minista sun ɗauke shi watanni, kuma aikin farko da ya sa magina suka yi bayan ya karɓi makulli shi ne fasa wa falon gaba ƙofa ta waje da mayar da garejin mota biyu sashen baƙi.